Littafin Cikina: Wata Uku Ina Bin Sawun Gudawa

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau sakamako ya fito, bayan wata 14 ina fama da gudawar da aka rasa sunanta. Ruwa zalla, babu jini, sau bakwai zuwa tara a yini, biyu daga ciki da tsakar dare. An ce taifot, an ce tsutsar ciki, an ce basir, Yaya kuwa ta rantse sanyi ne ya taru. Flagyl kam na sha har bakina ya koma ɗanɗanon ƙarfe.

A Disamba aka leƙa hanjina da kyamara, likita ya ce fes yake, ko ɗigon gyambo babu. Na dawo gida raina a jagule, don wanda aka ce masa lafiyarsa ƙalau alhali ba ya iya kai ƙarshen darasi ɗaya a aji sai ya fita, ba albishir aka yi masa ba. Allah ya taimake ni likitan ya tsakuro 'yar tsoka daga wurare daban-daban na babban hanjin ya aika ɗakin gwaji. Sai a ƙarƙashin madubin likita ciwon ya bayyana. Sunansa maikroskofik kolaitis, wato kumburin hanjin da ido ba ya gani. Iri biyu ne. A ɗaya, fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosayit ne ke cunkushewa a fatar cikin hanji, fiye da 20 a cikin kowace ƙwayar fata 100. A ɗayan, wani shimfiɗin zare da ke ƙarƙashin fatar ne ke yin kauri. Nawa na farkon ne. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa, in fatarsa ta kumbura sai ruwan ya wuce abinsa. Ya ce ya fi kama mata da suka haura 50, kuma ba ya komawa ciwon daji. Wannan kalmar ta ƙarshe ita ce ta sa na sauke ajiyar zuciya.

Sai ya ce, "Hajiya, wane magani kike sha kullum?" Na ce babu. Auta da ke gefena ta ce, "Umma, na gwiwar fa?" Shekara uku ina sayen daikulofenak a kemis saboda gwiwa, na daina ƙirga shi a matsayin magani. Da ya fara sa min ƙwannafi sai na haɗa da omefirazol. Likita ya ajiye biro ya ce duka biyun suna cikin magungunan da ake zargi da tayar da wannan ciwo, su da ibufurofen da asfirin da wasu magungunan damuwa, sai kuma taba ga masu sha. Daga yau an dakatar da su.

Ya rubuta budesonayid, maganin kumburin hanjin, miligiram 9 kowace safiya na sati 8. Ya kuma ce in riƙa rubuta abin da na ci da yawan zagayawata. Na sayi littafi mai layi a hanya, na ja masa gidaje huɗu: abinci, abin sha, sau nawa, da yadda ya fito.

Kuɗin da ya riga ya tafi: leƙen hanji da gwajin tsoka, naira 185,000.

Laraba, 8 ga Janairu

Na zagaya sau takwas. Gwiwa ta fara tuna min da kanta. Farasitamol da tsumma a ruwan zafi.

Na manta ban rubuta wani abu ba ranar Litinin. Tun Nuwamba na bar burodi da taliya da gurasa, saboda wata ta rubuta a Facebook cewa alkama ce uwar duk ciwon ciki. Likita bai ji daɗi ba. Akwai wani ciwo da ake kira siliyak, na rashin jure gulutin ɗin alkama, wanda kan zo tare da irin nawa, kuma yana so ya gwada jinina. To gwajin ba ya faɗin gaskiya sai mutum yana cin alkamar. Don haka zan koma burodi yanka biyu kullum har sati shida kafin a ɗebi jini. Da hannuna na ja wa kaina wannan jinkiri.

Asabar, 11 ga Janairu

Neman magani ya zama aiki. Shago biyar muka shiga a Sabon Gari ni da Auta. A uku an ce ba su san shi ba. A na huɗu yaron ya ce akwai, ya shige ciki ya fito da abin shaƙa na masu asma. Sunan ɗaya ne a jikin kwalin, ba ƙarya ya yi ba, amma nawa ƙwanso ne da ake haɗiya, an yi shi yadda ba zai narke ba sai ya kai can ƙasan hanji. Ya dage wai duk ɗaya ne, na ce masa, "Ɗan nan, hanjina zan shaƙa wa?" Har mutanen da ke layi suka yi dariya.

Lissafi: ƙwanso uku na miligiram 3 kullum, kwana 56, ya kama ƙwanso 168. Ƙanen Malam da ke Abuja ya ce ya samo guda 100, zai ba direba.

Kafin ya iso, loferamayid nake sha in zan fita, da izinin likita. Yana riƙe ciki na 'yan sa'o'i, ba ya taɓa kumburin.

Laraba, 15 ga Janairu

Magani ya iso jiya da magariba, naira 142,000 har kuɗin mota. Na haɗiyi ukun farko bayan asuba. Bakwai yau.

Litinin, 20 ga Janairu

Biyar, huɗu, huɗu, uku, uku. Daren jiya ne karon farko cikin fiye da shekara da na kwanta bayan isha'i ban farka ba sai kiran assalatu. Na yi sallar la'asar da alwalar azahar, abin da na manta yadda ake yinsa.

Abincin da na tsaya a kai a wannan makon: koko marar yaji da safe da burodin nan na dole, tuwon shinkafa ko na masara da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, mai cokali ɗaya, babu attaruhu. Dafaffen dankali, farar shinkafa, ayaba, kifi ko kaza a dafe ba soye ba. Kaɗan-kaɗan sau biyar, maimakon a cika kwano sau biyu. Na lura miyar yauƙi tana zauna min fiye da kowace. Da na gaya wa likita ta waya ya ce ba mamaki, irin wannan yauƙin yana kama ruwa a hanji, kusan aikin da Fybogel, wani garin magani da ake damawa a ruwa a sha, ke yi.

Abin da na ajiye: shayi, madara, wake da danginsa, soye-soye, ɗanyen ganye, lemon kwalba. Sai goro. Goron nan shi ya fi min ciwo. Shekara 20 ba na raba jakata da fari guda biyu, ashe kafeyin ɗin da ke cikinsa, irin na shayi da kofi, yana zaburar da hanji. Kwana huɗu kaina na sarawa kamar ana daka. Yau ya lafa.

Alhamis, 23 ga Janairu

Biyu. Barci ya ɗan yi wuya, ina jin daga maganin ne. Hawan jini 130 bisa 80.

Lahadi, 26 ga Janairu

Jiya bikin 'yar ƙanwata, kuma jiya na rushe ginin kwana goma.

Na tafi da niyya mai kyau, har da dafaffen dankalina a 'yar kula. Amma ta yaya uwar amarya za ta ajiye miki faranti da hannunta, ki buɗe jaka ki fito da dankali a gaban dangin ango? Na ce bari in taɓa don ganin ido. Waina biyu da miyar taushe, soyayyar shinkafa, naman da ya sha mai da yaji, zoɓo mai sanyi kofi biyu. Can wata tsohuwar ƙawata ta ɓara goro ta miƙo min rabi, hannuna ya karɓa kafin hankalina ya iso.

Ƙarfe tara na dare ciki ya fara ƙugi. Daga sha ɗaya zuwa asuba na zagaya sau shida, na ƙarshen har jiri ya ɗebe ni a bakin ƙofa, ƙafafuna suna ɗaurewa. Auta ta haɗa min ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Na yi ta kurɓa har gari ya waye. Malam bai ce komai ba, sai da safe ya leƙo ya ce, "Yaya jikin? An dai ci biki." Na yi kamar ban ji ba.

Abin da ya fi ba ni haushi ba daren ba ne. Abu shida na ci a zama ɗaya, yanzu ban san wanne ne mai laifin ba. Mai ne? Yaji? Zoɓo? Goro? Wahala ta tafi a banza, littafi bai ƙaru da komai ba. Daga yau doka: sabon abu ɗaya tak, a ba shi kwana uku, sannan a gwada wani.

Laraba, 29 ga Janairu

Uku, biyu, biyu. An dawo hanya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yaya ta zo daga Ɗambatta da ƙullin magani: bagaruwa, ganyen sabara, da busasshen ganyen gwaiba. Ta ce da su Inna ta raine mu, babu wanda ya taɓa leƙa hanjin kowa. Ban musa mata ba, gaskiya ne da su ake tsayar da zawo tun kaka da kakanni, kuma baurin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi, shi ne ke ɗaure ciki. Sai dai na ce mata, "Yaya, zawon kwana biyu daban, wannan daban. In na haɗa da na asibiti, na samu sauƙi, wa zan gode wa? In na rikice, wa zan kama?" Ta ce boko ya ɓata ni. Na karɓa na adana a kwaba, na yi mata alkawarin zan nuna wa likita.

Zuma da habbatus sauda ma an kawo min daga wurare uku. Zumar na gwada cokali ɗaya a koko, ban ga ta ƙara ko ta rage komai ba.

Litinin, 3 zuwa Asabar, 8 ga Fabrairu

Gwaji na farko, kindirmo rabin kofi, kwana uku: lafiya lau. Gwaji na biyu, madarar gari a koko: kumburi da iska tun rana ta farko, washegari sau huɗu. Na tsayar. Bambancin a sukarin madara yake, wanda tsamin kindirmo ya riga ya cinye wani kaso nasa. Fura da nono ke nan ba ta fita daga rayuwata ba, in dai an rage yajin furar.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na ƙirga ƙwanso, saura na kwana huɗu bayan na yau. Abuja sun ce ya ƙare. Wannan ganganci nawa ne, tun ranar da 100 suka zo na san ba za su kai ba, na bari sai yanzu. Ɗan yayana da ke karatu a Alƙahira ya ce ya samu, akwai abokinsa mai tahowa Kano ranar Juma'a. Na tura masa hoton takardar likita da na kwalin, gaba da baya, kada a maimaita labarin abin shaƙa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ya iso, guda 100, an bi ta hannu uku kafin ya zo gidan nan. Kuɗinsa ya kama naira 96,000. Jimillar abin da ciwon nan ya ci daga Disamba: 423,000, ban da kuɗin mota da ganin likita. Adashina na wannan zagayen a nan ya ƙare.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Sati shida na burodi sun cika. An ɗebi jini don siliyak da kuma maƙoƙo, don shi ma ciwon ƙwayar wuya yakan raka wannan. Naira 38,000.

Na nuna wa likita ƙullin Yaya. Bai raina ba, ya ce a ajiye tukuna har a gama magani, kuma bagaruwa ba abin sha kullum ba ce. Sannan ya duba littafina shafi-shafi, ya faɗi maganar da ta tsaya min a rai. Ya ce, "Hajiya, duk abin da kika rubuta 'lafiya lau' a gabansa yanzu, da fensir za ki rubuta. Magani ne ke rufa wa abincin asiri. Sai kin daina sha za mu san na gaskiya." Ya ce abinci ba ya warkar da kumburin, iyakarsa ya rage wa hanji aiki ko ya ƙara masa, kuma mutane da yawa ciwon na dawo musu bayan an tsayar da budesonayid. Abin da yake sa rai a kaina shi ne barin daikulofenak. In ya dawo duk da haka, akwai ƙaramin awo da ake daɗewa a kai, akwai kuma wani gari, kolestiramin, ga waɗanda ruwan matsarmama ne ke tsokanar hanjinsu.

Na fito jikina a sanyaye. Ina ganin na kusa gamawa, ashe share fage nake.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Babu siliyak, maƙoƙo lafiya. Wata biyu na haramta wa kaina gurasa a kan maganar wadda ban taɓa gani ba.

Alale ƙarami: iska kawai. Ƙosai uku: sau huɗu. Waken ɗaya ne, man suyar ne bambanci. Na fara zargin mai ne babban mai laifin daren biki. Nauyi ya ƙaru da kilo biyu, zanina ya daina zamewa.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, gobe azumi. Bara kwana tara kawai na iya. Likita ya ce in gwada tunda ina kan ɗaya zuwa biyu a yini, in mayar da ƙwanson lokacin sahur, amma ranar da ruwa ya dawo sau uku in karya, kada in yi jayayya. Malam ma ya ce marar lafiya Allah ya yi masa rangwame, ramuwa ce kawai. An ba makarantu hutu, wannan ya rage min fargabar aji.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi shida sun tafi lafiya. Sahur: tuwon shinkafa miyar kuka, ruwa kofi uku. Buɗa baki: dabino ɗaya, ruwa, kunun gyaɗa marar kauri, sai bayan tarawihi in ci abinci.

Lahadi, 9 ga Maris

Na sake faɗawa, wannan karon da rashin sani. Maƙwabciya ta aiko da kunun tsamiya ranar Juma'a, mai kyau, da zafinsa. Na riƙe dokata, abu ɗaya ne sabo, na sha kofi guda a cikin wofi. Kafin a tayar da isha'i na zagaya sau biyu, kafin sahur sau uku. Sai da abin ya faru na tuna Inna da jiƙon tsamiya take ba mu in ciki ya ɗaure. Abin da na sani tun ina 'yar shekara bakwai, ƙamshin kunu ya mantar da ni.

Na yi taurin kai na ɗauki azumin Asabar. Wajen sha biyu bakina ya bushe ƙamas, fitsari ya yi ja, na miƙe daga kan darduma duhu ya rufe min ido. Auta ta tsaya a kaina da kofin ruwan gishiri da sukari ta ce, "Umma, ko ki sha ko in kira Abba." Na sha ina hawaye, ba don ciwo ba. Yau ma ban ɗauka ba.

Ko ba komai wannan karon littafi ya samu abin rubutawa, kuma da biro na rubuta shi: tsamiya, a'a.

Laraba, 12 ga Maris

Sati takwas sun cika jiya. Saura ƙwanso 32. Likita ya ce kada a yanke kai tsaye: biyu kullum na kwana 10, sannan ɗaya na kwana 12. Na koma azumi tun jiya. Ramuwa uku.

Asabar, 22 ga Maris

An koma ƙwanso ɗaya. Kwanakin biyu-biyu sun wuce ba labari, sai rana ɗaya da na yi uku ban san dalili ba. Ba sabon abinci har sai bayan salla. Gwiwa ce ke damuna a tarawihi, a kujera nake yi. Sau biyu na tsaya a ƙofar kemis kamar in shiga, na wuce. An ba ni takardar zuwa gashin ƙashi.

Lahadi, 30 ga Maris

Salla. Na ci kafin in fita gaisuwa don kada yunwa ta yanke min hukunci. A gidan surukai na ɗauki tsokar kaza ɗaya na yi ta juya ta a faranti har aka tashi. Da aka miƙo goro na karɓa da hannu biyu na sa a jaka, na kawo wa Malam. Biyu yau.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ƙwanso na ƙarshe ya tafi ranar Laraba. Kwana uku ba magani: biyu, biyu, uku. Na yau na ukun ya ɗan yi laushi, ba ruwa ba. Ban tashi da dare ba.

Yanzu za a sake bin jerin fensir daga farko, kowanne kwana uku: kindirmo, alale, burodi, zuma, sannan shayi marar kauri in na ga fuska. Mangwaro ya fara shigowa kasuwa, shi ne na ƙarshe a layi. Ma'aunin da likita ya ba ni: in na kai sau uku kullum, ko ruwa zalla ko da sau ɗaya ne a yini, har tsawon mako, in kira shi ba sai ranar ganinmu ba, wato Litinin 14 ga wata. Na ce wa ɗan yayana ya bincika farashin wani kwalin ya ajiye min labari, kada a saya tukuna. Ramuwa sai na ga yadda makon nan ya ƙare. Littafin saura shafi huɗu, Auta za ta sayo wani gobe.